Matsattsakun Malam Muntaka

Atika ƙawata, matso kusa. Kin san Malam Muntaka tela, na bakin kasuwar Tudun Wada, wanda ya rantse a gaban shagonsa cewa kafin kaka sai sunansa ya shiga littafin Ingila? To, ya shiga. Allah ba ya barin addu'a a ƙasa.

Wani Bature ne ya sauka Samaru yana binciken ƙwarin ruwa. Tafintansa, Malam Barnabas, ya kawo ɗinki, ya ce duk wanda ya samo halittar da Turawa ba su sani ba, da sunansa ake kiranta har abada. Daga ranar Muntaka ya rufe keken ɗinki, ya naɗe wando, ya bi kududdufan Gyallesu. Masu riguna suna sallama a shago, shi yana cikin taɓo.

Ya kuwa samo wani matsattsaku mai jan zane a baya. Ya sa shi a gwangwanin madara. Matarsa Rakiya ta ce a ɗaure bakin da tsumma. Ya ce abin da zai ɗauki sunansa ba a toshe masa numfashi, kuma ilmi ba harkar mata ba ne. Ta ce Allah ya ba da sa'a.

Ranar tafiya ya zuba farar babbar riga, ya cusa gwangwanin a aljihun ciki, ya hau keke. Rabin layinmu suka bi shi, har da mai kalangu. Matsattsaku dai, kin sani, ba ya sallama in zai ci.

Bature ya ba shi kujera. Muntaka ya yi jawabi kan kakanninsa, sannan ya miƙa gwangwani. Ruwa kaɗai. Ya ce maƙiya ne. Ya miƙe zai lalube aljihu, sai aka ga kujera ta yi ja, bayan riga ma haka.

Bature ya leƙa, ya tafa hannu don murna. Aka kwantar da Muntaka, Sarkin Bincike, rubda ciki a kan tebur. Ya roƙi gishiri ko garwashi a cire abin. Barnabas ya ce Bature ya hana, kada a ɓata halittar, a bari ta ƙoshi ta sauka da kanta. Ba ta yi gaggawa ba. Mutanen layinmu suka cika taga, mai kalangu ya rasa wane take zai buga.

Da ta sauka, Bature ya auna, ya ƙirga, ya ce lallai sabuwa ce. Ya sa mata sunan tasa matar.

Daga kan tebur Muntaka ya ce, "Ranka ya daɗe, nawa sunan fa?"

Barnabas ya ce yana nan, a layin da ake rubuta inda aka samo ta. Muntaka ya ce a Gyallesu ya samo ta. Bature ya ce shi abin da idonsa ya gani yake rubutawa.

Barnabas ya ɗaga kwalbar da aka sa ta ciki, mai takarda a jiki, ya gyara murya, ya karanta wa taga: "An same ta a mazaunan Malam Muntaka, ɓangaren hagu."

An ce littafin har makarantun Ingila ake karanta shi.

Allah ya yafe mini, ba gulma nake ba. Rakiya ce ta ba ni amana, ita da ta wanke rigar. Don Allah, Atika, kada ki gaya wa kowa.