Ranar da Na Zama Ɗan Dogon Kunne a Zaurena

Jama'a, ku yi mini jaje. Asabar ɗin da ta wuce da ƙafata na turo babur daga gidan mai har unguwarmu, cikin ranar nan ta Garwa da ko ƙadangare ba ya wasa da ita. Tun safe nake layi. Da idonmu muka ga tankar mai ta shigo, muka yi hamdala, har wani ɗan moto, wato ɗan acaɓa, ya fara rabon goro. Sai ga motocin Ranka-ya-daɗe Sarkin Aza Harsashi, baƙaƙe wuluk, gilas a rufe, suka zagaya ta baya, wai suna sauri za su taron tattauna matsalar matasa. Aka cika musu tanki, aka cika jarkoki, aka juyo aka ce mana "walaa", wato babu. Ni ban ga laifinsu ba. Matsalar matasa babba ce, ba a zuwa mata a ƙasa. Mu da ba mu da matsala sai mu taka.

Da ma ina da inda zan sauke fushina. Ɗana Jibril ya gama jami'a a Ngawundare, ya yi ta rubuta konkur, jarrabawar nan ta ɗaukar aiki, har takalminsa ya san hanya. Na ƙarshen ya dawo yana murmushi, ya ce wannan karon kam sai dai ikon Allah. Da sakamako ya fito babu sunansa, amma akwai na ɗan wani Mai Girma, wanda ranar jarrabawar mutane suka gan shi yana cin gasasshen kifi a bakin Binuwai. Yaro mai baiwa ke nan, daga bakin kogi yake rubutu. Tun daga ranar Jibril ya rufe bakinsa. Zai gaishe ni, ya ci loma biyu, ya shige ɗaki. Ba a jin muryarsa sai ranar Asabar, in abokansa sun zo sun shimfiɗa tabarma a zaurena suna jefa wata 'yar ƙwaya kamar ta lido.

To, wannan zaman ne ya tsone wa majalisarmu ido. Maƙwabcina Malam Hamadu ya ce caca ce, kuma da kunnensa ya ji ana ambaton dodanni a zauren Musulmi. Ya ce, "Malam Sulaimanu, gidan mutum kamarka?" Ni kuwa ba a ce mini "mutum kamarka" in zauna lafiya. Na bugi ƙirji a gaban kowa na ce Asabar ɗin nan zan watsa su. Da na gaya wa mai ɗakina Hansai, sai ta ce in na kore su, to in sani muryar yaron ce na kora daga gidan. Na ce mata maganar maza ta riga ta fita. Ta ce Allah ya ba maza lafiya.

Na jingine babur, na shiga zaure da gumi da sallama mai kauri. Ba wanda ya ji ni, don musu ake yi kamar za a doku. Na duba tabarma ban ga ko dala ba, sai ƙwayoyi da fensir da wani littafi mai kaurin bulo. A gabansa Barthélemy ne zaune, ɗan Gider, abokin Jibril tun jami'a. A gefe ga 'yata Lauratu, wadda na ɗauka tana madafa, ita ce ma mai ɗaga murya. Jibril na kusurwa, ya ɗan saki fuska, da ya gan ni ya ɗaure ta.

Na ce a bayyana mini wannan abu kafin in yanke hukunci, don ni ba irin manyan nan ba ne masu sa hannu ba su karanta ba. Barthélemy ya gyara zama, da Hausarsa mai gauraye da Fillanci, ya ce shi ke ba da labari, kowa kuma yana da mutum guda a cikin labarin da yake yi wa magana. In mutumin naka zai yi abu mai wuya, sai ka jefa ƙwaya mai fuska ashirin a gaban kowa. In ta ba da babbar lamba ka yi nasara, in ƙarama ka sha ƙasa. Amma kafin komai, in ji shi, sai ka zaɓi zuriyar da ka fito.

Na ce, "Zaɓa? Mutum ya zaɓi asalinsa?"

Ku fahimce ni. Kakana daga Kano ya zo da ayarin fatake, a nan Garwa aka binne shi, a nan aka binne ubana, ni kuma ga ni ina sayar da buta da bokitin roba a kasuwa. Amma duk tagar ofis da na tsaya, sai an ɗaga kai an dubi hulata an ce asalinku daga ina. Ban taɓa jin inda ake tambayar mutum wanne yake so ba. Sai na ga ai babu laifi in ɗan zauna, don bincike ya cika.

Nan aka koma musun da na katse. A wasan, Lauratu 'yar Ƙattin Dutse ce, masu ɗaukar bijimi a kafaɗa. Tana jin haushin waɗanda suka rubuta littafin, wai sun ba ƙatti ƙarfi sun rage musu basira, ta ce wa ya gaya musu mai jiki ba ya tunani, ai wannan rainin hankali ne. Barthélemy ya ce duk surutu ne, babu kamar Wadannin Rami, gajerun maƙera masu gemu, waɗanda ko guba suka sha ba ta kama su. Na ce lalle waɗannan za su iya shan ruwan famfonmu, ranar da ya zo. Akwai kuma Mutanen Kura, masu sansano abu daga nesa, amma aka ce ba a ba su masauki a gari, na ce a wuce, wannan na san shi. Aka yi ta ja: wa ya fi gudu, wa ya fi jure yunwa, wa marubutan suka fifita don son kai. Lauratu har tana buga tabarma. Rabon da in ga 'ya'yana suna gardama da zuciya ɗaya haka, na manta.

Sannan aka zo kan Masu Dogon Kunne. Suna rayuwa ɗaruruwan shekaru, suna gani a cikin duhu, kuma duk garin da suka je ana girmama su saboda sunan kakanninsu. Nan da nan na yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Mai gani a duhu ba ruwansa da ɗauke wuta. Mai shekara ɗari bakwai kuwa yana iya ganin kwaltar da aka yi wa unguwarmu alkawari tun ina da baƙin gemu, in ya kula da lafiyarsa. Lauratu ta ce, "Baba, 'yan girman kai ne fa, kuma bugu ɗaya suke faɗuwa." Na ce mata hassada ga mai rabo taki ce. Na zama Ɗan Dogon Kunne, na sa wa kaina suna mai tsawo da sarauta a gaba.

Na tambayi Jibril shi wace zuriya ce. Ya ce mutum. Na ce mutum wane iri? Ya ce mutum kawai, ba gani a duhu, ba ƙarfi, ba kakanni. Raina ya ɓaci. An kai ka gidan biki an ce zaɓi abin da kake so, ka ce a ba ka gaya, tuwo ba miya? Amma ina da wata shawara. Na matsa kusa da Barthélemy, na tura masa goro fari ƙal, na raɗa masa ko zai ɗan ƙara wa mutumina ƙarfin ƙatti, tsakanina da shi. Ya karɓa, ya ɓare, ya ce "useko, Baba", wato ya gode, ya tauna, ya ce ba ya yiwuwa. An sha cin gorona ba a yi mini aiki ba, amma aƙalla akan ce in dawo gobe.

Aka fara labari. Wai mun yi tafiya a jeji, ƙishirwa ta kusa kashe mu, muka iso wani birni mai ganuwa, rijiya ɗaya tak a cikinsa, ga layin mutane a bakin ƙofa da tuluna. Barthélemy ya dube ni ya ce mai gadi ya hango kunnuwana, ya rusuna, ya nuna mini wata 'yar ƙofa ta gefe. Ya ce me zan yi?

Jama'a, ban ko yi tari ba. Na ce na shiga. Har gyara wuyan riga na yi a zaune. Lauratu ta ce, "Baba, mu fa?" Sai na ji bakina, wannan bakin da ya yini yana tsine wa masu zagayawa ta baya, yana cewa, "Ku ƙara haƙuri, ana duba lamarinku." Wallahi ban san inda na ajiye wannan jimlar ba, ashe tana nan a cikina tana jiran kujera.

Da na isa rijiya na ce zan ja ruwa in sha tukuna, sauran kuma a gani. Aka ce in jefa ƙwaya. Na tofa mata bismilla na jefa, ta yi ta juyi, ta tsaya a kan ɗaya. Na yi wuf na rufe ta da tafin hannu, na ce tabarmar ce ba ta kwanta daidai ba, a soke a sake. Barthélemy ya ce kowa ya gani. Na ce ni ne mai zauren. Ya ce haka ne, amma ɗaya ce. Sai ya ba da labari cewa Mai Martaba Dogon Kunne ya leƙa, santsi ya kwashe shi, ya faɗa rijiya da ka, ƙafafu a sama.

Abin da na ji daga kusurwa shi ya hana ni tashi in yi faɗa. Jibril ne ke dariya. Ba murmushi ba, dariya ta ciki, yana riƙe haƙarƙari, hawaye na zuba. Na ji motsin Hansai a bayan ƙofar cikin gida, ta tsaya cik. Ni kuwa ina cikin rijiya, amma ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin wannan ba.

Jibril ɗin ne kuma ya cece ni. Mutuminsa mara baiwa ya bi layi yana magana da masu tuluna, ya haɗa kansu su roƙi a buɗe babbar ƙofa. Ya jefa ƙwaya ta ba shi sha takwas, aka buɗe, kowa ya shiga. Ya aro igiya, ƙatuwar Lauratu ta ja, aka fito da ni ta kunne. Da aka tsagaita na ce masa, yanzu tsakani da Allah, me ya sa bai zaɓi zuriya mai gata ba, tunda a nan kyauta ake rabawa?

Ya juya ƙwayar a hannunsa, ya ce, "Baba, ba gata nake nema ba. Nan ne kaɗai wurin da in na jefa sha takwas ake rubuta mini sha takwas."

Maganar ta soke ni. Na ji kunya, na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina da na zo in ƙwace masa wannan ɗin ma don a ce mini mutum kamarka. Sai na ce a miƙo mini ruwa.

Ana haka sai ga sallamar Malam Hamadu, ya zo ganin yadda kora ta kaya. Ya same ni a tsakiyar tabarma, hula a gefe, ƙwaya a hannu. Ya ce, "Malam Sulaimanu, ina maganar da ka yi?" Na miƙe da duk girman da ya rage mini, na gaya masa lamarin ya fi yadda muka zata zurfi, saboda haka na kafa kwamitin bincike, ni ne shugaba, kuma zai riƙa zama a nan zauren duk Asabar bayan la'asar har sai an gano gaskiya. Ya ce yaushe rahoto zai fito? Na ce in an kammala. Ya juya ya tafi ko sai an jima babu.

Yanzu a majalisa an daina ba ni kofin shayi na farko, kuma in na doso sai in ji ana cewa ga Dogon Kunne nan. Na yafe. Washegarin wasan Jibril ya biyo ni rumfa, ya zauna cikin bokitai yana yi mini bayanin kurakuran da na tafka a wasan, ɗaya bayan ɗaya, har na fara tunanin shirun nan ma yana da ranarsa. Ban hana shi ba, na bar shi yana ta zuba har azahar.

Ku kuma Masu Girma, na rage jin haushinku, don na ɗanɗana ƙofar gefe, kuma ba zan yi ƙarya ba, akwai daɗi. Sai dai ni da na faɗa rijiya, wanda na bari a layi ne ya kawo igiya, shi ma don ɗana ne. Ku ban san wa kuka bari a waje da zai yi muku wannan karamcin ba.