Malam Tanimu Ya Gyara Hoton Ƙirji

Duk wanda ya taɓa yin biki a unguwar nan ya san Malam Tanimu mai hoto. Shagonsa na bakin titi, kusa da masu sayar da katifa, kuma abin taƙamarsa a duniya guda ne: ba a taɓa dawo masa da hoto ba. Amarya ta shigo da ƙuraje, ta fito a takarda fuska sumul. Ango ya shigo da sanƙo, ya tarar gashi ya tsiro masa. Akwai wani ɗan takarar kansila da ya gyara wa hoto, har mutanen mazaɓarsa suka riƙa tambayar wane baƙo ne aka manna musu a bango. Shi a wajen Malam Tanimu, barin tabo a hoton mutum rashin mutunci ne.

To, yana da 'ya mai suna Rumasa'u, wadda ta ƙwallafa rai a kan karatun ɗaukar hoton ƙashi na asibiti, a wata kwalejin koyon aikin lafiya. Bara ta nema ba ta samu ba, Fiziks ya kayar da ita. Ta sake zama jarrabawa ta ci. Bana in ta rasa, sai zaman gida na wata shekarar, kuma uban bai manta irin kukan da ta sha a ta farko ba, don a gabansa aka yi.

Sharuɗɗan makarantar ba su da sassauci. Ana son kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi da darussan kimiyya, ana son takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma, da hotunan fasfo, sai gwajin lafiya wanda dole a haɗa da hoton ƙirji. Bayan duk wannan kuma sai ɗalibi ya zauna gaban malamai su yi masa tambayoyi ido da ido. Na fasfo dai ba a magana, Malam Tanimu ya ɗauke su da hannunsa. Hoton ƙirjin ne aka je aka yi a wani wajen gwaji a cikin gari, suka buga mata shi a takarda, suka kuma tura mata a waya. Da yake tawadarsu ta kusa ƙarewa, sai bugun ya fito dishi-dishi.

Malam Tanimu ya karɓa ya ɗaga sama, ya yi tsaki. "Wannan aikin wane ne? Ko yaron da ya kwana uku a shagona ba zai ba mutum wannan ba. Turo mini a waya, zan buga miki a takarda mai kyau."

Ta tura masa, ta wuce gida taya uwarta aiki.

Da ya buɗe hoton a kwamfuta ya faɗaɗa shi, sai ya ƙara matsowa kusa. Haƙarƙari dai ga su nan a jere, gwanin sha'awa. Amma a tsakiyar ƙirjin, ɗan karkace zuwa gefe guda, akwai wani farin dunƙule kamar curin fura, ya rufe kusan rabin wajen. Malam Tanimu ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Abin na nan. Ya ce a ransa ɗayan biyu ne: ko dai masu ɗaukar ne haske ya ƙwace musu, ko kuma yarinyar nan tana da wani ciwo da ba a sani ba. Ciwon bai yarda da shi ba, don dai a ranar da safe ya ga ta ɗauki jarkar ruwa ita kaɗai ta hau da ita bene. Amma ya san halin 'yan boko. Suna ganin wannan tabon za su ce ba ta da lafiya, su maido masa 'ya gida. Ya ji ba zai iya sake kallon wancan kukan ba.

Sai ya gyara zama, ya yi abin da ya fi iyawa. Ya goge dunƙulen nan tas. Ramin da ya bari kuma ya kwafo haƙarƙarin ɗaya gefen ya cike da su, dama da hagu suka zama daidai kamar tagwaye. Ya ƙara ɗan haske. Har hannunsa ya kai kan furannin da yake zagaye hotunan amare da su, sai ya tuna abin na makaranta ne, ya daure. Ya buga, ya sa a ambulan, ya liƙe da gam, bai faɗa wa kowa ba.

Ranar tantancewa ya sa farar shaddarsa ya raka ta. Ranar ce kuma ta ƙarshe, wanda bai cika sharaɗi ba sai baɗi. Da aka kira Rumasa'u, shi ma ya bi bayanta, mai gadin ƙofa ya yi ya yi ya hana shi, amma Malam Tanimu ya ce shi uba ne, zama kawai zai yi.

Shugabar sashen, wata mai tabarau da ake kira Dakta Lantana, ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya tana gyaɗa kai. Da ta zo kan ambulan ta yage, ta zaro hoton ta ƙura masa ido. Ta juya shi, ta sake juyawa. Ta miƙa wa malamin da ke gefenta, shi kuma ya kalla ya sa hannu ya rufe baki. Malam Tanimu ya ƙara miƙe wuya, don ya saba ganin mutane suna rasa abin cewa a gaban aikinsa.

Dakta Lantana ta tura wa yarinyar hoton. "Rumasa'u, kin ce kina son karatun nan. Duba ki gaya mini abin da kika gani."

Rumasa'u ta duba. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce a hankali, "Ranki ya daɗe, haƙarƙarin sun yi kama da juna da yawa. Kuma babu zuciya."

"Hoton wa ne?"

"Nawa ne. Amma wallahi ranar da aka ɗauka akwai ta."

Dakta Lantana ta sa yatsa a ƙasan takardar, inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe masu lanƙwasa sunan shagon Malam Tanimu da lambar wayarsa. Tambarin nan kwamfutarsa ba ta sakin hoto sai da shi, shi kuwa ya manta. Rumasa'u ta juyo ta kalli ubanta, idonta ya cika da ƙwalla.

"Baba, me ka yi?"

Malam Tanimu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya cire hula ya riƙe. "Ranki ya daɗe, laifina ne, ita ba ta sani ba. Wani farin tabo na gani ya cika mata ƙirji, na ji tsoro kada ku ce ba ta da lafiya. Ashe zuciyar ce? To ai ban taɓa ganin an ɗauke ta hoto ba. Ku yi mini duk abin da za ku yi, amma kada ku hana yarinyar nan karatu."

Malamin gefe ya kasa daurewa, ya fita waje, ana jiyo dariyarsa daga baranda. Ita Dakta Lantana ta danne tata da ƙyar. Ta sa Rumasa'u ta buɗe wayarta ta nuna hoton asali, ta duba ta ga zuciya na nan inda Allah ya ajiye ta, huhu kuma fes.

"Za a sake ɗaukar miki hoton a nan yau ɗin nan, mu cika sharaɗi," in ji ta. "Amma mun ɗauke ki. Tun safe nake nuna wa ɗalibai hotuna, ke kaɗai kika gane abin da babu."

Ran Malam Tanimu ya dawo jikinsa. Ya mayar da hula, ya yi godiya har da durƙusawa. Sai idonsa ya kai kan hotunan da aka jera a bangon ofishin, wannan ƙafa ta karye, wancan huhu ya yi dabbare-dabbare. Ƙaiƙayin sana'a ya motsa. Ya laluba aljihu ya zaro katin shagonsa ya ajiye a kan tebur.

"Ranki ya daɗe, na ga hotunan nan naku duk da tabo. In kuna so ku riƙa turo mini, zan gyara muku su tas, tunda yanzu mun zama 'yan gida."

Dakta Lantana ta tura masa katinsa da yatsa ɗaya ta ce, "Rufa mana asiri, Malam. In muka ba ka hotunanmu, ai kafin Juma'a ka warkar da asibitin nan kaf, 'yarka ta gama karatu ba ta da wanda za ta ɗauka."