Kangon Tanko Maƙeri

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba a ƙofar gidan dagacinmu ba, kuma ko da na so in manta, mutanen garinmu ba masu barin irin wannan abu ya kwanta ba ne.

Ya kamata in fara da gabatar da kaina, domin mai karatu ya san tsawon wurin da na faɗo daga kansa. Na yi aikin gwamnati a Kano har na yi ritaya, kuma dukan shekarun nan a ofishin ajiye fayil na yi su. Takarda ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Duk wasiƙar da ta shigo sai na buga mata hatimi, na rubuta ranar zuwanta, na ba ta lamba, na sa ta a mazauninta. Da shekarun matsi suka zo, zaman birni ya gagari mai ƙaramin ƙarfi, sai na tattara iyalina daga Rijiyar Zaki na koma ƙauyenmu, na kama noman gonar da mahaifina ya bari. Na dawo da akwatin ƙarfe cike da takardu, da kuma cikakken yaƙini cewa abin da ke damun ƙauye rashin tsari ne, ni kuwa da tsari na zo. Mutane suka sa mini suna Malam Akawu. (Na ɗauka girmamawa ce. Har yanzu ban tabbatar ba.)

Garin da na tarar ba shi ne wanda na bari ina ƙarami ba. Fari ya yi ta zuwa, mutane da dama sun tafi ci-rani ba su dawo ba, wasu sun gangara wajen madatsar ruwan Watari neman noman rani sun zauna a can. Gidajensu suka zama kangaye a tsakiyar gari, ɗakuna sun rufta, katangu sun tsage, macizai sun samu masauki. Ga mu kuma da wata al'ada mai ƙarfi: ba a taɓa katangar wani, ko da ta zama kango, sai mai ita ya ce a taɓa, domin babu wanda yake so ya rushe abin da wataƙila akwai haƙƙin marayu a cikinsa.

Wata rana bayan la'asar sai ga Gwaggo Tabawa a zaurena. Tsohuwa ce mai yin daddawa, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ƙawar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata. Ta gaishe ni, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi awaki, ta yi wa iyayena addu'a, sannan ta dubi bakin tabarma ta ce:

"Malam Akawu, katangar nan ta kangon Tanko maƙeri, wadda ta jingina da ɗakina, ta fara buɗewa. Jiya har haske na gani ta tsagar. Ga shi kuma gabas ta fara haɗa hadari. Na ce bari in sanar da kai, ka san abin da ya dace."

Na ce, "Gwaggo, kin zo inda ya kamata."

Ta ce, "Ai na sani."

Na bi ta na ga katangar da idona. Doguwa ce, ta ƙasa, ta karkata a kan ɗakin da take kwana ita da jikokinta marayu mata biyu. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kwantar da ita a kansu. Tanko kuwa ban ma san kamanninsa sosai ba. Ya bar gari a wata shekarar yunwa lokacin ina makarantar kwana, kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce lallai akwai wanda wannan kango yake hannunsa a yau, kuma yana zaune yana cin tuwonsa alhali tsohuwa tana kwana da ido ɗaya.

A nan ne mai hankali zai tambayi maƙwabci, ko liman, ko ita Gwaggon da ke tsaye kusa da shi. Ni ban tambayi kowa ba. A ganina maganar baki jita-jita ce, takarda kaɗai ce hujja. Don haka na koma gida na rubuta wa ƙaramar hukumarmu wasiƙa. Na nemi a fito da jerin dukan gidajen da babu kowa a cikinsu a garinmu, da sunan wanda kowane gida yake hannunsa, a karanta a gaban jama'a, sannan a manna a ƙofar gidan dagaci. Na rubuta cewa rajistar da ke ofishin filaye ta talakawa ce, ba kayan ɗakin wani ma'aikaci ba ce da zai kulle a durowa. (Har gobe ina alfahari da wannan jimla.) Da mako ya wuce shiru, na sake rubuta wata, mai zafi fiye da ta farko.

Amsa ta zo. Masinja ya kawo ta a kan keke, cikin ambulan a liƙe, an rubuta sunana a baya, an kuma rubuta cewa ni kaɗai zan buɗe. Na karɓa, na buga mata hatimina na gida, na rubuta rana, na ba ta lamba, na sa a fayil. Uwargidana Binta tana tsaye tana kallo.

"Malam, ba za ka buɗe ba?"

"Ban nemi amsa a ambulan ba. Abin da ya shafi jama'a a gaban jama'a ake faɗarsa. So suke su lallashe ni a ɓoye."

"To ai ko lallashi ne a karanta a ji."

Na ce mata ba ta san aikin ofis ba.

Shi ma dagaci ya aiko a kira ni. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce, "Malam Akawu, wannan maganar kangon, da ka bari mun yi ta a nan zaure, ni da kai da liman." Nan take na ce a raina, to, ga shi nan, akwai wani babba da ake rufa wa asiri. Har na zaɓi wanda nake zargi, wani Alhaji mai sayen gyaɗa wanda bai taɓa yi mini komai ba illa dai ba ya amsa gaisuwa da kyau. Na ce, "Ranka ya daɗe, zamanin yin magana a zaure ya wuce." Dagaci ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Ana cikin haka aka yi yayyafin farko. Gwaggo Tabawa ta kwashe shimfiɗarta da jikokinta ta koma kwana a ɗakin girki, cikin hayaƙi da tukwanen daddawa. Da na ji, sai na rubuta wasiƙa ta uku, na hau mota na kai ta sakatariya da hannuna, na zauna a benci na ce ba zan tashi ba sai an sa rana. Aka sa Laraba.

Ranar ta zo. Jama'a suka cika gindin ceɗiyar ƙofar gidan dagaci, mata suna leƙe ta saman dangar maƙwabta, Gwaggo tana zaune a gefe a kan turmi da aka kifa mata. Na sa farar babbar riga, na rungumo fayil. Jami'in filaye, wani mai suna Malam Sabo, ya iso da wata tsohuwar rajista a ɗaure da zare. Yana ganina ya jawo ni gefe.

"Ranka ya daɗe, ka kuwa karanta takardar da muka aiko maka?"

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Malam Sabo, ba a raɗa a kan maganar jama'a."

"Minti ɗaya kawai, Baba."

"Ko rabin minti."

Ya ce, "Shi ke nan," ya je ya zauna.

Dagaci ya ba ni dama, na miƙe na yi jawabi. Ba zan ɓoye ba, jawabin ya yi kyau. Na yi bayanin haƙƙin talaka na sanin abin da ke rubuce a ofishin hukumarsa. Na kawo maganar macizai da ɓarayin awaki da ke fakewa a kangaye. Sannan na nuna Gwaggo na ce duk mutumin da ya bar katangarsa tana barazana ga tsohuwa da marayu ya kamata ya ji kunya, ko ɗan wane ne shi. Na buƙaci a fara da kangon Tanko maƙeri, a faɗi sunan mai shi da ƙarfi, kuma idan yana wurin ya miƙe tsaye jama'a su gan shi. Na lura babu wanda ya tafa, kowa ya sunkuyar da kai. Na ɗauka nauyin maganar ne ya kama su.

Malam Sabo ya kwance zaren, ya lashi yatsa, ya buɗe shafi, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Gidan Tanko maƙeri. Mai shi ya bar wa Malam Idi mai goro, a gaban dagaci da shaidu, a madadin jaki ɗaya da damin gero biyu da ya yi guzuri da su. Malam Idi ya rasu. Wanda gida yake hannunsa a yanzu, ɗansa..."

Malam Idi mai goro mahaifina ne. Malam Sabo ya karanta sunana cikakke, har da na kakana, da ƙarfi, kamar yadda na buƙata.

Na sha jin ana cewa ƙasa ta tsage mutum ya shige. Tamu ba ta tsage ba, ta bushe da yawa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da na dubi fuskokin mutane, babu ko ɗaya da ya yi mamaki. Liman yana kallon carbinsa. Alhajin gyaɗa yana kallon sama. Dagaci yana gyara rawani wanda babu abin da ya same shi. Sai wani tsoho mai suna Baba Nomau ya ce daga baya:

"To, an ce mai gida ya miƙe a gan shi. Alhamdu lillahi, ya rage mana wahala, tun ɗazu yake tsaye."

Dariyar da aka riƙe mako uku ta ɓalle gaba ɗaya, har matan da ke bayan danga. Na so in zauna, amma na ga zama a wannan lokaci ya fi tsayuwa muni. Na juya wajen Gwaggo.

"Gwaggo, kin san da wannan?"

"Wa bai sani ba? A gabana aka ɗaura wa jakin mangala."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Yo ba na zo har zaurenka ba? Ina ƙawar uwarka, in buɗe baki in ce maka katangarka za ta kashe ni? Na ce ka san abin da ya dace. Na ɗauka za ka ɗauko diga, sai na ji ka tafi neman tambarin gidan waya."

Aka sake fashewa. Malam Sabo, Allah ya saka masa, ya ce a hankali, "Abin da muka rubuto maka ke nan, Baba." Na ce na gode, takardar tana nan a adane. (Wannan ne kaɗai abin da zan iya kare kaina da shi, kuma bai taimaka ba.)

Da dariya ta lafa, na gyara riga na ce, a matsayina na mai wannan kango, na ba da izini a rushe katangar, kuma ina roƙon gayya gobe da safe. Dagaci ya ce, "Madalla. Da a zaure ne ma haka za mu ce." Sannan ya sa Malam Sabo ya ci gaba da karanta sauran gidajen, tunda dai an taru. A nan kam dariya ta ragu, domin sunaye sun fito waɗanda masu su suke zaune a wurin, wasu kuma da gaske babu wanda ya san inda magadansu suke sai da aka karanta. Aka kwafi jerin aka manna a ƙofar dagaci, sunana a layin farko.

Washegari maza suka fito da diga da shebur. Na tuɓe riga na shiga cikinsu, ni da rabona da ɗaukar ƙasa tun ina firamare. Katangar ba ta ba mu wahala ba, muna tura ta ta wajen kangon ta kwanta, abin da ya sa na tuna makonni nawa ta yi a kan mutane uku ina rubuta wasiƙa. Gwaggo ta dama mana fura. Kwana biyu bayan haka aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tana kwance a ɗakinta.

Har yau ban janye ko kalma ɗaya daga abin da na nema ba. Rajistar nan ta jama'a ce, kuma daidai ne a karanta musu ita, ko da sunan wa zai fito. Abin da na ƙara a kan ilimina ɗan kaɗan ne. Yanzu idan tsohuwa ta zo zaurena ta zauna tana kallon bakin tabarma, kafin in tambayi wane ne mai laifi, nakan fara tambayar kaina abin da ya sa ta wuce ƙofar dagaci, ta wuce ta liman, ta zo tawa.