Hayaƙin Gidan Alhaji Idrojen

Duk wanda ya ce bai san Alhaji Badaruddeen ba, to yanzu ya sauka Abijan, ko jakarsa bai ajiye ba. Shagunansa na tayil da kayan banɗaki sun cinye rabin layi a Adjamé. Gidansa a Arras, cikin Treichville, hawa biyu ne da ƙofar ƙarfe mai zanen ɗawisu. Mutum ne da bai taɓa shiga gbaka, motar hayar talakawa, ba, bai taɓa shan ruwan leda ba, bai kuma taɓa cewa "ban sani ba" ba. Ƙamshin turarensa kan riga shi shiga masallaci, ya kama masa wuri a sahun gaba.

Amma mu Hausawan unguwar ba tayil muke ci ba. Abin da ya ɗaukaka Alhaji a idonmu hayaƙi ne. Kowace Juma'a tun hantsi ake ɗora manyan tukwane a tsakar gidansa, a cusa musu itace, hayaƙi ya miƙe sama har mai jiran mota a Gare de Bassam ya hango. A al'adarmu ta nan, babban mutum ba ya aika gayyata, ɗan halas kuma ba ya tambaya ko an yi girki. Hayaƙi shi ne goron gayyata. In ya tashi, kowa ya wanke hannu. In bai tashi ba, mai kunya ba ya dosar ƙofar, don kada ya tona asirin maigida. Da an sallame sallah, sai ka ga mun ɗaga kai sama gaba ɗaya. Baƙo zai ɗauka addu'a muke yi.

To ana saura 'yan makonni a zaɓi shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarmu, kujerar da Alhaji ya daɗe yana cewa ba ta dame shi ba, har ya sa an ɗinka rigar rantsuwa. Abokin takararsa Alhaji Kalla ne, mutumin Tawa mai dillancin albasa, wanda bai iya jawabi ba amma ya iya yanka rago. Kalla ya yi laifi guda da ba a yafewa: ya riga Alhaji ɗora farantan sola a kan rufi, har wata jarida ta buga hotonsa. Tun ranar Alhaji ya fara damuwa da makomar duniya.

Ya tafi baje koli a Turai, ya dawo da akwatunan na'ura da wasu injiniyoyi Turawa biyu. A taron ƙungiya ya miƙe, ya gyara hannun riga.

"Jama'a, duniya ta yi gaba ta bar mu muna hura wuta da baki. Ni na je na ga gobe da idona. Idrojen! Ruwa ake fasawa da lantarkin rana, a ciro wani gas a cikinsa, a kunna, ya sake komawa ruwa. Zero hayaƙi. Zero toka. C'est l'avenir, goben ke nan! Daga bakin ruwan lagun ɗin nan har Agadas, ni ne Bahaushen farko da zai dafa shinkafa da ruwa sau biyu, na cikin tukunya da na ƙarƙashinta. Wasu suna da sola. To, Allah ya ba su haƙuri."

Muka tafa har hannu ya yi zafi. Ba wanda ya fahimta. Wani a bayana ya ɗauka sabon maganin hawan jini ne. Tambaya ɗaya aka yi, Malam Rabi'u mai sayar da carbi ne ya yi ta: shin naman Juma'a yana nan yadda yake? Aka ce yana nan. Sai muka ƙara tafi, muka raɗa masa Alhaji Idrojen, shi kuma ya sa aka rubuta a gilashin motarsa.

Abin haushi, na'urar ta yi aiki. Aka gina madafa a bayan gida, aka lulluɓe ta da tayil na shagonsa, aka kwashe duwatsun murhu. Wadda ta fara shaidawa ita ce Tabawa, uwar girkin gidan, 'yar Maraɗi da ta tsufa a gaban itacen Alhaji. Idanunta sun daɗe da zama jajaye kamar gauta, tarinta kuwa da shi maƙwabta ke sanin gari ya waye. Cikin 'yan kwanaki tarin ya lafa. Ta sa kwalli ya kwana a idonta bai zubo ba.

Ta ce, "Alhaji, Allah ya biya ka. Ashe zanena yana da ƙamshi."

Alhaji ya ce, "Ki adana wannan maganar, za ki maimaita ta gaban 'yan jarida."

Juma'a ta zo. Aka sallame, muka ɗaga kai. Sama fes, kamar an wanke ta da sabulu. Muka dubi juna. Gaskiya ne ya ce mana zero hayaƙi, amma mun ɗauka irin maganar manya ce da ba a nufin komai da ita. Malam Rabi'u ya girgiza kai ya ce, "Wuta ta mutu a gidan Alhaji. Mu rufa masa asiri." Can ta wajen gidan Kalla kuwa hayaƙin gasasshen rago ya turnuƙe layi. Muka nufi can a jere. Ba kwaɗayi ba ne, Allah ya sani. Kunya ce ta kai mu, kuma kunyar ta ci har da ƙari.

Alhaji yana falo da mai ɗaukar hoton da ya yi haya, ga shinkafa tukunya-tukunya tana huci, ƙofa a wangale. Har la'asar ba wanda ya leƙo sai kyanwa.

Kafin Litinin labari ya haye gada ya isa Adjamé. Wasu suka ce an riƙe masa kwantena a tashar jirgin ruwa. Wasu suka ce Turawan sun wanke shi tas. Masu tura baro suka riƙa tsayawa a bakin shagonsa suna cewa, "Yako, patron," jajen mutanen nan, suna dafa ƙirji. Kalla da kansa ya aiko masa da cinyar rago da buhun gawayi, wai zumunci. Wannan buhun ya fi mari zafi.

Alhaji ya ce gani ya kori ji. Ya tattaro dattawan ƙungiya ya kai su madafa, ya murɗa makunni da kansa.

"Ku duba da kyau. Wannan ita ce wutar masu ilimi."

Suka duba. Wutar idrojen da rana kusan ba a ganinta. Ba harshe ja, ba ƙauri, ba tartsatsi, sai ga ruwa yana tafasa a kan abin da ido bai gani ba. Malam Rabi'u ya ja da baya yana a'uziyya. Wani dattijo ya tambaya a hankali, su waye ke riƙe da tukunyar, kuma me ake ba su? Suka fita ba wanda ya taɓa ko loma. Da yamma an daina cewa Alhaji ya karye. An koma cewa ya yi yarjejeniya da mutanen ɓoye.

Saura Juma'a ɗaya zaɓe. Tuwon girma miyarsa nama, amma a Arras sai an ga hayaƙinsa tukuna. Alhaji ya shige ɗaki ya yi nazari irin na manya, ya fito da mafita. Ya sa aka yanka tsohuwar durom aka kafa a tsakar gida, daidai inda murhu yake a da. Aka cika ta da ɗanyen itace da jiƙaƙƙen garin katako, aka zuba gawayin Kalla a ƙasa. Ba a ɗora komai a kai ba. Girki yana can baya a kan idrojen, 'yan mata biyu sun ishe shi. Durom kuwa tana bukatar gwani, wanda ya san yadda ake hana wuta ci ba tare da an kashe ta ba. Duk gidan mutum ɗaya ce ta san wannan.

Tabawa ta dubi durom, ta dubi Alhaji.

"Me zan dafa a kai?"

"Ba komai. Ke dai ki yi ta fifita."

Ranar Juma'a hayaƙin da ya tashi daga Arras bai taɓa yin kauri haka ba. Muka ɗaga kai, zuciya ta yi sanyi. Muka ce alhamdulillahi, Alhaji ya warke. Sabo turken wawa, kuma mun san hanyar turkenmu. Muka cika gidan har bakin titi, muka ci irin shinkafar da dattawanmu suka gudu suka bari, muka rantse ɗanɗanon itace daban ne. Washegari muka zaɓe shi, da rata mai faɗi.

A jawabin godiya, an sake tayar da hayaƙin durom, yana tsaye a tsakar gida cikin rigar da ta daɗe tana jira, ya yi alkawarin cewa kafin ya sauka ba macen da za ta ƙara zubar da hawaye a gaban murhu a duk faɗin Treichville. Ya tsaya ya share ido, don iska ta juyo da hayaƙin wajensa. Muka ce dubi tausayi, har kuka yake.

Daga bayan durom wani tsohon tari da muka sani ya taso. Sai muka ƙara ƙarfin tafi.