Bututun Alhaji Barau

Wani mutum ne a unguwarmu, Alhaji Barau, in ya fara cika baki sai kunnenka ya nemi hutu. A faɗarsa komai na gidansa daga Turai aka kawo, har tsintsiya.

Ran nan wani ma'aikacin kamfanin inshora, Malam Sidi, ya zo majalisa. Ya ce bututun ruwan da ya taso daga titi zuwa gida, in ya fashe, gyara na wuyan mai gida. Amma in kana ba da ɗan abu duk wata, kamfani ya ɗauke maka. Mutane suka fara shawara. Barau ya tuntsire da dariya, ya ce inshora ai ta masu bututun roba ce. Nasa ƙarfen Jamus ne, ko giwa ta yi rawa a kai ba zai san an yi ba.

Ba a jima ba tifar yashin da shi da kansa ya kira ta taka inda bututun yake. Ƙas! Ruwa ya fara tsattsafowa. Da mai gyaran famfo ya faɗi kuɗin aiki, sai da hular Alhaji ta karkace.

Sai ya shirya dabara. Ya ɗaure bututun da tsohuwar robar taya, ya binne da yashi, ya kira Sidi, wai zai yi inshorar don ya taimaki na ƙasa. Nufinsa in an kwana biyu ya ce yanzu ya fashe.

Sidi ya ce sai ya ga wurin. Ya iso bayan la'asar, majalisa cike a ƙofar gidan. Barau ya shimfiɗa darduma daidai kan ɓarnar, ya zauna dirshan, ya baza babbar riga, yana ta zuba labarin Jamus.

Ana cikin haka robar ta saki. Tsuuu! Sanyi ya ratsa Alhaji. Ya ƙara dannawa, ya ɗaga murya. Ruwa ya ɓullo ta ƙarƙashin riga, ya miƙe har gaban takalmin Sidi.

"Alhaji, wannan ruwan fa?"

Barau ya dubi ruwa, ya tuna kuɗin gyara.

"Ba bututun ba ne," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Ni ne."

Na kusa da shi suka ja da baya. Ruwa kuwa bai fasa ba, har ya kai kwata.

Sidi ya tattare rigarsa ya miƙe.

"Allah ya sawwaƙe, Alhaji. Mu bututun gida muke yi wa inshora. Wannan naka sai asibiti."