Ni da Sakatar Ɗakin Hajiya

Ƙwas. Sai shiru. Can kuma, ƙwas.

Wannan 'yar ƙarar ba na jin za ta taɓa fita daga kaina, don ita ce mafarin komai. Ana hutun makaranta, da hantsi, ina tankaɗen garin masara a tsakar gidanmu a Dutsin-Ma, sai na riƙa jin ta daga wajen sito. Da na leƙa, sai ga ɗiyata Hafsa, 'yar shekara tara. Za ta zare sakatar ƙofar, ta ja da baya, ta zuba mata ido kamar mai jiran tukunya ta tafasa, sannan ta mayar.

Na ce, "Ke Hafsatu, lafiya?"

Ta ce, "Umma, ina dubawa ne ko za ta motsa da kanta."

A ranar na gane abin da ya sa kwana uku yarinyar nan ba ta shiga bayi sai na tsaya mata a ƙofa, ko ɗaki ba ta yarda ta zauna ita kaɗai. Ashe ƙanwar mijina Zainab, wadda ke zaune wurinmu tana karatun jami'a, tana da wani wasa a waya. Ba irin na guje-guje ba ne. Labari ne da Turanci, mai zanen mutane da ɗan kiɗa, kana latsawa magana na fitowa, wani wuri kuma a ba ka zaɓi. Hafsa ta riƙa leƙe ta bayan kafaɗarta har ta haddace.

Labarin wani tsohon tela ne da aka iske ya mutu a shagonsa, an buge shi a ƙeya, ƙofa kuma a kulle da sakata ta ciki, taga da ƙarfe. Mutanen garin suka ce wata mata ce mai fitila, wadda ke ratsa bango da tsafi. Aikin mai wasan shi ne ya gano ko tsafi ne ko mutum. Abin haushi, masu wasan kashi-kashi suke sakin labarin, kuma kashin ƙarshe bai fito ba tukuna.

Na yi wa Zainab faɗa sosai. Na ce kawo wayar in ga abin da kuke tsorata mani ɗiya da shi. (Allah ya sani niyyata ke nan, in gani in hana.) Na zauna kan tabarma na fara latsawa. Ban ɗago ba sai da aka kira azahar, garin masara na nan a faranti kaji sun yi walima.

Ku yi mani adalci, zanen nan yana da kyau. Tsohon telan yana kama da wani kawuna na Dabawa, har da gilashin da ke zamowa kan hanci. Da aka nuno gawarsa sai da na ce "Allah ya jiƙa—" sannan na tuna zane ne na haɗiye sauran. Waɗanda ake zargi kuma kowa na ba ni tausayi: matar da ke kawo masa abinci, ƙanensa mai tari, da mai gidan da yake haya. Na fi son a ce duk ba su ba ne, amma kuma ba zan yarda da mai fitila ba.

Na zaunar da Hafsa na yi mata bayani. Na ce aljanu gaskiya ne, sihiri ma akwai shi, amma babu abin da ke samun bawa sai da izinin Allah, kuma wannan labari ne da wasu suka zauna suka ƙirƙira. Ta gyaɗa kai, ta karanta addu'o'inta tsaf. Sannan ta ce, "To Umma, wa ya sa sakatar?"

Na gane cewa muddin ban amsa wannan tambaya ba, zan ci gaba da gadin ƙofar bayi har yarinyar nan ta yi aure.

Daga nan na zama abin da na zama. Zainab ta nuna mani inda masu wasan ke musu a intanet, wasu na bayan tsafi, wasu na bayan mutum, kowa da dogon bayaninsa. Wani ya ce akwai rami a ƙarƙashin shagon. Wata ta ce telan tagwaye ne. Wani kuma ya ce duk mafarki ne (wannan na so in san uwarsa, in tambaye ta ko haka yake tun yana ƙarami). Ni kuwa na samu tsohon littafin rubutun Hafsa na fara nawa. Ina wanke-wanke ina tunani, ina ninke kaya ina tunani. Ranar nan na zuba gishiri sau biyu a miyar kuka. Abban Hafsa ya ɗanɗana ya ce, "Yau ma telan ne?"

Sai na ga abin da duk 'yan bokon nan ba su gani ba. A hoton farko, lokacin da telan ke da rai, akwai baƙin zare a kan keken ɗinkinsa. A hoton ranar mutuwa babu shi. Mace mai ɗinke maɓallin riga kullum ba za ta kasa lura da wannan ba. Na ce shi ke nan! An zarga zare a hannun sakata, an fito da bakinsa biyu ta tsagar ƙofa, an rufe, an ja, sakata ta shige. Sai a saki baki ɗaya a zare zaren. Babu fitila, babu tsafi.

Zainab ta ce, "Anti, wallahi kin yi kai." Hafsa ta ce, "Nuna mani."

Na gwada a ƙofar bayi, don ita kaɗai ke da sakata ta ciki a gidanmu. Sakatar ta yi tsatsa, zare ya tsinke sau uku. Na koma zaren buhu, shi ma ya yanke mani yatsa kawai. Hafsa ta kalle ni da tausayi ta ce, "Kin gani ko, Umma? Ba ya yiwuwa." Ina neman gyara sai na ƙara ɓatawa.

Asabar ɗin makon aka yi suna a gidan surukaina a Kurfi, matar ƙanen mijina ta haihu. Gidan malamai ne. Surukina Baba Malam na da makarantar allo a ƙofar gida, kuma ni a gidan nan sunana mai hankali. Hajiya, uwar mijina, in za ta yi wa sauran matan 'ya'yanta faɗa, da ni take misali. Shi ya sa ma ta damƙa mani kula da abincin mata. Aka jera kulolin waina da shinkafa da jarkokin zoɓo a ɗan ɗakinta na ajiya, aka ce bayan azahar ni zan raba.

Na shiga da kula ta ƙarshe, na juyo zan fita, sai idona ya faɗa kan sakatar. Jama'a, sakata ce! Ta sha man gyaɗa, tana sulɓi, yatsa ɗaya ke tura ta. Ƙyauren na langa-langa ne, da tsaga tsakaninsa da bango wadda har haske ke shigowa ta nan. A ƙasa kuma ga zaren buhun shinkafa an yar.

Na ce a raina, sau ɗaya kawai. In ya yi, in kira Hafsa ta gani. Mata duk suna can ɗakin mai jego ana kallon jariri. Na zarga, na fito, na ja ƙyaure, na ja zare a hankali.

Ta shige.

Na saki baki ɗaya, zaren ya zaro sumul ya dawo hannuna. Daɗin da na ji ko ranar da aka ba ni sakamakon jarrabawar fita sakandare ban ji irinsa ba. Na tsaya ina murmushi ni kaɗai. Sannan na tura ƙofar don in buɗe in sake yi a gaban Hafsa.

A nan ne na tuna cewa a cikin labarin ɓalle ƙofar aka yi. Mako guda ina nazarin yadda ake kullewa, ko minti ɗaya ban yi tunanin yadda ake buɗewa ba.

Ina cikin jijjiga ƙyauren sai ga Hajiya da baƙi a bayanta, tana cewa a fara ba mutanen nesa. Na dunƙule zaren a hannu na cusa cikin gyale.

"Buɗe mana, Maman Hafsa."

Na ce, "Hajiya, ta ƙi buɗuwa." (Ba ƙarya na yi ba. Amma Allah ya san irin gaskiyar da na faɗa.)

Hajiya ta tura, ta buga, ta ce wa ke ciki? Shiru. Aka ƙirga yara, kowa na nan. Wata doguwa ta yi ɗage ta leƙa ta 'yar tagar da ke sama, ta ce, "Ba kowa, sai kuloli. Kuma wallahi an sa sakata ta ciki!"

Sai Gwaggo Talatu, yayar Baba Malam da ta zo daga Ɗantutture, ta dafa sanda ta matso. "Mi na ce maku? Tun da aka sare tsamiyar bayan ɗakin nan na ce ba a sallami masu wurin ba. To ga shi nan, sun zo cin suna."

Tsakar gida ta ɗauki salati. Masu goyo suka ja da baya. Wata ta ce dama ta ji ƙamshin turare da ta gifta. Wata ta ce tun safe ƙafarta ke nauyi. Aka fara karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ni ma (a nan ne nake so ƙasa ta tsage) na buɗe baki na bi su, zaren yana jiƙewa da gumi a tafin hannuna. Har da tofawa.

Aka aika zaure a kira Baba Malam. Ya yi sallama ya shigo da carbinsa, mata suka gyara lulluɓi suka buɗa masa hanya. Ni ina ta lissafin cewa in na yi shiru za a ɓalle ƙofa, a ci waina, magana ta wuce, aljanu su ɗauki laifi, su da ba za su kai ƙara ba.

Sai na ji an riƙe mani zane. Hafsa ce. Idonta ya cika da hawaye, ta ce a hankali, "Umma, ta biyo mu. Mai fitilar ce."

Ni da na yi duk wannan don in raba ta da tsoro, ga shi na kawo mata abin har gidan kakanta, da shaidu. Na durƙusa a gaban surukina, na buɗe hannu.

"Baba, ba aljanu ba ne. Ni ce."

Ya dubi zaren, ya dube ni. "Ke ce me, ɗiyata?"

Na yi bayani. Kuma ba a iya bayanin nan a taƙaice. Sai da na faɗi wayar, na faɗi telan, na faɗi baƙin zaren da ke kan keke. Gwaggo Talatu ta ce, "Wane tela aka kashe? Ɗan gidan wa?" Zainab ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Hajiya kuwa ta riƙe haɓa tana kallona, ni misalinta.

Baba Malam ya daɗe yana shafa gemu. Na ga gefen bakinsa na motsi. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Yaya Talatu, a bar masu tsamiya su huta, ba su ci mana komai ba. Ke kuma, tunda ke kika san ilimin, sai ki buɗe."

Haka aka kifa mani turmi a ƙarƙashin taga. Na hau da leshin ankona, aka miƙo mani gorar share yana, na zura ta tsakanin ƙarafa ina lalubar sakata. Matan dangi kaf suna ƙasa suna ba da umarni. "Hagu!" "A'a, dama!" "Kin taɓa zoɓo!" Sai da na kifar da murfin kula biyu kafin ta zare. Aka yi guɗa kamar an kawo amarya. Wainar ta huce, amma an ci, kuma duk wadda na miƙa wa faranti sai ta ce, "Sannu da aiki, mai tsamiya."

Har yau sunan bai bar ni ba a Kurfi. Hajiya ta samu wata ta misali. Kashin ƙarshe na wasan kuma bai fito ba, don haka ban ma san ko na canka daidai ba. Abin da na koya dai, duk dabarar da ta zo mani yanzu, ina tambayarta hanyar fita kafin in bi ta. Na kuma yi istigfari a kan mintocin nan da na bari aka ɗora wa bayin Allah da ba a gani laifina.

Da la'asar muna shirin komawa Dutsin-Ma na nemi Hafsa ban gan ta ba. Can sai ga ta ta fito daga ɗakin ajiyar, ita kaɗai, da ragowar waina a hannu tana ci.

Na ce, "Ke kaɗai kika shiga? Ba ki ji tsoro ba?"

Ta ce, "A'a. Ni yanzu in ƙofa ta kulle kanta, Umma, zan fara dubawa ne ko kina kusa."