Filtar Motar Kaka

"Lafiya lau, sai dai ganinki da sassafe, wanda bai taɓa zama alheri ba," in ji Kaka, yana gyara zama a kan benci.

"Ni ma ba wajenka na zo ba, ango mai haƙori biyu. Mara lafiya na zo dubawa," in ji jikarsa.

Mara lafiyar ita ce motar Kaka, wadda ta girmi uban yarinyar da shekara biyu. Jikar tasa bakanika ce mai garejin kanta, shi ya sa ya laƙaba mata Sifana. Shekara da shekaru motar na ɗigar da baƙin mai a tsakar gida, har 'ya'yansa suka gaji, suka ce ranar Asabar 'yan gwangwan za su zo su saye ta a kilo. Kwana uku ke nan Kaka bai ci abincin kirki ba saboda baƙin ciki, amma ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Sifana ta ɗaga bonet, ta kwance dogon noti, ta sauko da gwangwanin da filtar mai ke ciki. Tana zaro filtar ta ruguje a hannunta.

"Kaka, wannan filta ce ko tsohuwar hularka?"

"Ta asali ce, mara kunya. Tun da aka daina yin irinta nake wanke ta da fetur in mayar."

"Shekara nawa?"

"Goma sha biyu kacal."

"Kacal! Kai ma haka kake yi wa kanka, wanka da fetur a mayar?"

Ta buɗe jaka ta fito da wani faifan ƙarfe da ta sa aka yanka mata, wanda in an ɗaura shi a jikin injin, filtar zamani za ta hau. Kaka ya dubi abin kamar an kawo masa maganin ɗaci.

"Ba za ki liƙa wa motata kayan yara ba. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Zuma aka ce, ba a ce tsumma ba."

"Ke! Ranar da aka haife ki, a wannan motar na ɗauko ki. Kika cika min kujera da kuka, ban caje ki ko sisi ba."

"Warin hayaƙinta ne ya sa ni kukan. Riƙe min tocila, in hannun ba zai yi rawa ba."

Ya riƙe, yana gunaguni. Ta sa bakin sukudireba a cikin ramin da bakin gwangwanin ke zama, ta banɓaro zoben roba da ya bushe ƙamas. Ta sake sawa, ta fito da na biyu. Da na uku ya faɗo ƙasa sai ta zauna daɓas tana dariya.

"Ango, tara su kake yi don gado?"

Kowace sabuwar filta da zoben robarta take zuwa, kuma sai an cire tsohon ake sa sabon. Kaka kuwa direba ne mai farar riga, bai taɓa durƙusawa ya leƙa ramin ba. Lalube yake yi ya danna sabo a kan tsoho, mai kuma ya samu hanya ta tsakaninsu.

"Kamfani ne ya sa su," ya ce a hankali.

"Kamfanin da ke zaune a kan benci? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na mota."

Ta goge ramin, ta ɗaura faifan, ta shafa wa robar sabuwar filta mai, ta murɗa ta da hannu. Ta zuba mai, ta shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, ta tayar da injin. Suka jira minti goma. Da ta jawo kwalin, Kaka ya shafa shi da tafin hannu gaba da baya, ya ji shi a bushe.

Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Shekara talatin ina zaginta, ashe ni ne mai yoyon! Kin ci wannan, Sifana."

Ya zare makullin ya danƙa mata.

"Ki je ki ce wa ubanki motar ta zama taki, ya sayar in ya isa. Amma kujerar gaba tawa ce, ke ki ja. Tun bara idona ya daina ganin hanya, ban gaya wa kowa ba."

Ta jefa makullin a aljihu.

"Na sani, ango. Wa kake tsammani ya miƙe maka ƙofar gidan nan da ka buge?"